Jirgin Sama na Farko da Rigimar Allon Bayani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗalibin tarihi ne ni. Na lura duk ƙasar da ta baje kolin ƙere-ƙerenta a gidan tarihi sai ta ce ita ta fara kaza, ita ta fara kaza. Abin da ake rubutawa a jikin kayan nan abin dogaro ne, ko kowa nasa yake yabo?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kayan da ke cikin gilashi galibi na gaske ne, manyan gidajen tarihi ba su cika yin algus a nan ba. Wurin da za ka buɗe ido shi ne ɗan allon bayanin da aka kafa a gefe, domin mutum ne ya rubuta shi, kuma mutumin yana da ƙasa, yana da ubangida.

Ga abin da ya faru a Amurka. Samuel Langley, shugaban Smithsonian, cibiyar bincike da gidajen tarihi da ke Washington, ya karɓi dala 50,000 daga gwamnati don ya ƙera jirgin sama. Sau biyu aka gwada jirginsa a 1903, sau biyu yana afkawa kogin Potomac, na ƙarshe ranar 8 ga Disamba. Kwana tara bayan haka, ranar 17 ga wata, Wilbur da Orville Wright, wa da ƙane masu shagon kekuna, suka tashi da nasu jirgin a kusa da Kitty Hawk. Tashin farko daƙiƙa 12 kacal ya yi a sama.

Maganar ba ta mutu a nan ba. A 1914 aka fito da jirgin Langley, wani maƙerin jiragen sama mai suna Glenn Curtiss ya yi masa gyare-gyare masu yawa, har ya ɗan ɗaga sama na 'yan daƙiƙu. Shi kuwa Curtiss ɗin a lokacin yana shari'a da gidan Wright kan haƙƙin mallakar fasaha, ka ga ai yana da ruwa da tsaki. Da wannan hujjar Smithsonian ta kafa allo cewa jirgin tsohon shugabanta shi ne na farko da ke da ikon tashi da mutum. Lura da wayon: ba su ce ya tashi ba, cewa suka yi yana da iko.

Orville ya fusata, ya tattara jirgin 1903 ya aika da shi gidan tarihin kimiyya na Landan a 1928. Abin tinƙahon Amurka ya shekara 20 a Ingila. Sai a 1942 Smithsonian ta janye maganarta a rubuce, jirgin kuma ya dawo gida a 1948, bayan rasuwar Orville. Magadansa suka sayar wa cibiyar da shi a kan dala ɗaya, da sharaɗin ba za ta taɓa cewa wani jirgi ya riga shi ba. A ganina hujjojin 'yan gidan Wright sun fi na kowa ƙarfi, amma ka san cewa allon da kake karantawa yau akwai yarjejeniya a bayansa. Mutanen Brazil kuwa har gobe ɗan ƙasarsu Santos-Dumont suke yabo, wanda ya tashi a gaban jama'a a Paris a 1906.

Wani lokacin ba ƙarya ake rubutawa ba, suna ake tsallakewa. A gidan tarihin Deutsches Museum na Munich a ƙasar Jamus akwai teburin kayan gwajin da aka tsaga ƙwayar zarra a 1938. Shekara da shekaru allonsa na cewa teburin aikin masanin kimiyya Otto Hahn ne. Lise Meitner, abokiyar aikinsa ta kusan shekara 30, wadda ta gudu Sweden a 1938 saboda asalinta na Yahudawa, ita da ɗan 'yar'uwarta Otto Frisch ne suka bayyana ma'anar sakamakon. Sai da masana suka yi ta ƙorafi kafin aka gyara allon aka ba ta matsayinta.