Fatawa: Raƙumin tsuntsu da takobin da aka ɓoye a cikin gem

TAMBAYA

Assalamu alaikum, Allah gafarta Malam. Ni daga wani ƙauye nake a gefen Ringim, ina da shagon cajin waya na sola, bara na sayo PlayStation 4 na hannu a Kano na ajiye samari suna biya suna bugawa. To akwai wani gem Assassin's Creed Origins, ƙasar Masar ce ta zamanin da a ciki, kana yawo duk inda kaga dama ba mai tsare ka. A wajen Saƙƙara kusa da wata dala an ɓoye wasu kaya da asalinsu na wani gem ne daban, Final Fantasy XV, kamfanonin biyu ne suka haɗa kai suka saka a ƙarshen 2017. Sai ka kai wajen mataki na 23, wani abu ya faɗo daga sama, ka je wajen agogon rana na ginshiƙan dutse ka gano inda ya yi daidai da lamba 15 ka harba kibiya, sannan a baka takobi da garkuwa da wani raƙumi mai kama da tsuntsu da ake ce ma Kweh. Malam sunan aikin da Turanci ma'anarsa wai kyauta daga alloli, wani abokina yace wlh duk wanda ya karɓa ya yi shirka. Kuma ni na kasa buɗewa, na ce ma wani yaro gwani in ya buɗe min zan bashi naira 1000, sannan wasu biyu sun ce kowa ya aje 500 wanda ya riga buɗewa ya kwashe. Meye hukunci?

AMSA

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana tambayarka uku ce a cikin ɗaya, kuma wadda ka sa a ƙarshe kamar ba komai ba ita ce mai nauyin.

Mu fara da maganar abokinka tunda ita ta tada maka hankali. Shirka ba ƙaramar kalma bace da za a riƙa jifan mutane da ita a bakin shago. Shirka ita ce mutum ya ba wanin Allah abin da yake haƙƙin Allah ne, ya roƙe shi, ya yi masa yanka, ya yi masa sujada, ko ya ƙudurce a ransa cewa yana amfanarwa yana cutarwa. To kai me ka yi? Ka danna maɓalli kibiya ta fita ta bugi dutse, hoton takobi ya bayyana. Ba ka roƙi kowa ba, kuma kai kanka ka san ba wani abin bauta da ya aiko maka da komai, ma'aikatan kamfanonin gem ɗin biyu ne, Ubisoft da Square Enix, suka zauna suka tsara don kowa ya tallata hajar ɗan uwansa. Malamai suna da ƙa'ida cewa mai hakaito kafirci ba kafiri bane, ai Alƙur'ani da kansa ya hakaito mana Fir'auna yana cewa ni ne ubangijinku mafi ɗaukaka, a Suratun Nazi'at, muna karantawa har a sallah. Saboda haka ba ka yi shirka ba, ka gaya ma abokin naka ya ji tsoron Allah ya riƙa auna magana. Amma fa ban ce sunan yana da kyau ba, suna ne mummuna, kar ya zama abin wasa a bakinku a ji yaro yana ihu alloli sun bani kyauta, wannan lafazin ka hana shi a shagonka, ku ce takobin ku ce raƙumin shikenan.

Shi kuwa raƙumi mai kama da tsuntsu da na karanta sai da na yi murmushi, don ya tuna min hadisin Nana A'isha da Abu Dawud ya ruwaito. Annabi (SAW) ya dawo daga tafiya iska ta yaye labule ya ga 'yan tsanarta, a tsakiyarsu akwai doki mai fuka-fukai biyu, ya ce doki da fuka-fukai? Ta ce ba ka ji Annabi Sulaimanu yana da dawakai masu fuka-fukai ba? Ya yi dariya har haƙoransa suka bayyana, bai karya ba bai hana ba. Kaga kenan dabbar da babu ita a duniya in an ƙago ta don wasa ba ita ce matsala ba. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya surar da aka haramta kai tsaye ita ce mai jiki cikakke mai inuwa irin gunki, balle hasken allo da in batirin sola ya sauka ya tafi.

Sai dai kar in ɓoye maka, magabatanmu sun tsananta a kan wasu wasanni. A Risala ta Ibn Abi Zaid ya ce bai halatta a yi wasan nardu ba, wato wasan allo da ake jefa ƙwaya mai lambobi irin ta lido, haka ma shaɗaranji wato chess, kuma akwai hadisi a Muslim cewa wanda ya yi wasan nardu kamar ya tsoma hannunsa ne a naman alade da jininsa. Shi ya sa wasu malaman zamani suka haɗa gem da waɗannan suka hana gaba ɗaya. Ni abin da ya fi rinjaye a wurina, nardu ginin sa a kan jefa ƙwaya ne da sa'a, wannan naka kuwa ba ƙwaya, lura ce da iya harbi, kuma Annabi (SAW) ya bar Habashawa suna wasa da mashi a masallaci, ya yi tsere da Nana A'isha. To asali halas ne, haramci yana shigowa ne ta ƙofar da aya ta 91 ta Suratul Ma'ida ta ambata, wato gaba da ƙiyayya da toshe mutum daga ambaton Allah da sallah. In an kira la'asar kuna nan kuna neman lamba 15, to a wannan lokacin haram ne ba wani kwana-kwana. Haka in damina ce baba yana gona yana jiran a kai masa taki.

Kuma tunda kai ne mai shago akwai abin da ke wuyanka. Wannan gem ɗin su kansu Turawan sun buga masa 18 a jikin kwali, wato sai ɗan shekara 18 zuwa sama, saboda kisa da jini da tsiraicin da ke wasu wurare, ga gumakan Misirawa ana yi musu addu'a cikin labarin. Baligi mai hankali da ya san tauhidinsa daban, yaro ɗan shekara 9 da ko Ahalari bai gama ba daban. Kar ka ba ƙananan yara shi, ka sa musu ƙwallo. Babban ma in ya zo wurin da ake nuna abin da bai dace ba ya tsallake.

Maganar naira 1000 kuwa ba laifi, wannan ita ce ji'ala a fiƙihu, ka ce wanda ya yi min kaza yana da kaza, asalinta a Suratu Yusuf aya ta 72, wanda ya zo da ma'aunin sarki yana da kayan raƙumi guda. Sharaɗi kuɗin ya zama sananne, aikin ya zama halas kuma mai amfani gare ka, sannan ba a biya sai an gama. Kai kuwa kana da amfani tunda samari za su zo hawan raƙumin su biya ka. In ya buɗe ka bashi kuɗinsa cif ba ja-in-ja, in ya kasa ba ya binka ko sisi.

Amma waɗancan biyun da kowa zai aje 500, ɗana wannan ita ce caca tsagwaronta, maisir ɗin da aya ta 90 ta Ma'ida ta jera shi da giya da gumaka. Kowa ya sa kuɗi, ɗaya ya kwashe ɗaya ya tashi a tutar babu, ƙanƙantar kuɗin ba ta canza komai, ko 50 ce. Abin mamaki abokinka ya ga shirka a inda babu amma wannan ta wuce ta gabansa bai ce uffan ba. Kuma irinta ce abin nan da ya zama ruwan dare a gidajen gem, wanda aka ci shi zai biya kuɗin wasan, shi ma caca ne, kowa ya biya rabonsa tun kafin a fara ko ɗaya ya ɗauki nauyi don ransa ko ya ci ko an ci shi. Haka akwatunan nan na sa'a da ake saye da kuɗin gaske a gem ɗin waya ba ka san me zai fito ba, garari ne, wato cinikin abin da ba a san shi ba, ƙasar Beljiyam ma da ba musulunci take bi ba ta sa su a layin caca tun 2018. Naka kayan bai shiga nan ba don kyauta ne kuma an san abin da za a samu.

In sun riga sun aje kuɗin a hannunka ka mayar ma kowa 500 ɗinsa yau, in kuma ɗaya ya riga ya kwashe to ya maida ma ɗan uwansa nasa ya yi istigfari, kai ma ka yi tunda a shagonka aka ƙulla. In suna son tseren dole, kai ko wani da ba ya cikin wasan ya sa musu kyauta daga aljihunsa, su kar su sa komai.

Wallahu a'alamu.