Karen da ke kaɗa kai, kunnensa na wari: abin yi da abin bari

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa na Agege. Ka ce karen Alsatian ɗin da kake kula da shi ya yi mako guda yana kaɗa kai da susa, kunnen dama na fitar da baƙar dauɗa mai wari, kana tambaya ko ka sa tsinken auduga ka kwakule, ka zuba hydrogen peroxide. Duka biyun ka bar su.

Ramin kunnen kare ba miƙaƙƙe ba ne irin namu. Yana gangarawa ƙasa ne, sannan ya karya kwana ya nufi dodon kunne. Tsinke ba ya fito da dauɗa daga irin wannan rami, danna ta yake yi ta cushe a kwanar, inda iska ba ta kaiwa. Shi kuma peroxide ƙona fatar da ta riga ta kumbura yake yi, ya bar ruwa a ciki. Sifirit, Dettol, kananzir, baƙin mai da manja duk a jera su nan.

Dauɗar alama ce, ba ita ce cutar ba, don haka ka dube ta a haske. Mai maiƙo, ruwan ƙasa, mai tsamin wari, yawanci yis ne, wato ƙwayar cuta dangin naman gwari, wanda danshin Legas ke yi wa daɗi, musamman cikin damina. Mugunya rawaya ko koriya da ɗoyi mai ƙarfi ta bakteriya ce. Busasshiya baƙa kamar garin kofi kuwa ƙananan ƙwarin kunne ne, an fi samun su a 'yan kwikwiyo da gidan da ake da kyanwa. Ka leƙa ko kaska ta maƙale a ciki. Amma ido yana ruɗi, sau da yawa biyu ne suke haɗuwa, shi ya sa likitan dabbobi ke ɗiban dauɗar ya duba a madubin likita, ya kuma haska ramin ya ga ko dodon kunne bai fashe ba.

Wannan na dodon kunne shi ne babban zance. Idan ya huje, magungunan ɗigawa masu gentamicin ko neomycin suna iya kurmantar da kare. In ka ga ya karkata kai gefe guda ya ƙi miƙewa, yana tangaɗi, ƙwayar idonsa na rawa, ko yana ihu da an taɓa kunnen, kada ka zuba komai, asibiti kai tsaye.

In babu ko ɗaya cikin waɗannan, ka sayi ruwan wanke kunnen kare a shagon maganin dabbobi. Sa safar hannu, ka sa masa takunkumi, domin karen da ya san ka ma yana cizo in ciwo ya ishe shi. A waje za ka yi, ba a ɗaki ba. Ɗaga ganyen kunnen sama, ka cika ramin har ka ga ruwan a baki, ba tare da bakin kwalbar ya taɓa fata ba. Murza gindin kunnen na daƙiƙa 20 zuwa 30. Za ka ji yana cakal-cakal, alamar ruwan ya kai kwanar ke nan. Sake shi ya kakkaɓe. Sai ka naɗa auduga a yatsa ka share iyakar inda yatsan ya kai, ka canza auduga kafin ɗaya kunnen. Sau biyu a mako ya isa lokacin jinya; wankin kullum jiƙa fatar yake yi ta saɓule.

Maganin ɗigawa bayan wanki yake zuwa, in kunnen ya ɗan tsane, don a kan dauɗa ba ya aiki. Yawancinsu haɗin uku ne: na yis, na bakteriya, da na rage kumburi. Surolan, misali, ɗigo 5 ne safe da yamma. Otomax ɗigo 8 ga babban kare irin naka, sau biyu a rana, kwana 7. Ka murza gindin kunnen bayan kowane ɗigawa. Inda aka fi yin kuskure shi ne a ga wari ya ɗauke a kwana na uku a ajiye kwalba. Ciwon zai dawo, wani lokaci da ƙwayar da ba ta jin maganin. A cika kwanakin, a koma likita ya sake dubawa. In ƙwari ne, duk karnuka da kyanwoyin gidan za a yi wa magani tare.

Ibuprofen da diclofenac na mutane kada su shiga bakinsa, suna huda ciki, suna lalata ƙoda.

Ka riƙa taɓa ganyen kunnen. Yawan kaɗa kai yana fasa jijiya, jini ya taru ya kumbura kamar matashi. Kada a tsaga da reza; zai sake cika, kunnen ya yamutse.

Idan ciwon yana dawowa bayan wata ɗaya ko biyu, musamman in yana lasar tafin ƙafa ko cikinsa na ja, sau da yawa borin jini ne a ƙarƙashi, daga abinci ko ƙura ko ƙuma, kuma sai an bi ta kansa. Kafin nan, ka toshe kunnen da dunƙulen auduga lokacin wanka, ka cire bayan an gama, ka kuma matsar da kejinsa daga bakin kwata zuwa inda iska ke ratsawa.