Tambaya da Amsa: Zan iya haɗa na'urar kula da tankin murjani da hannuna?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina zaune a Abuja, na karanta fannin lantarki, kuma hannuna ya ɗan faɗa da Arduino, ƙaramin allon lantarkin nan da ake rubuta wa umarni. Ina da tankin gilashi mai cin lita 200 da nake kiwon kifin ado a ciki. Yanzu ina so in mayar da shi na ruwan gishiri, in sa murjani mai rai. Na ga na'urorin kamfani irin su Apex na Neptune Systems da ProfiLux na GHL, amma kuɗinsu ya fi ƙarfina, balle a canjin dala na yanzu. Zan iya haɗa tawa? Da me zan fara, kuma me da me ya kamata ta riƙa kula da shi?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Za ka iya, kuma ba a kanka aka fara ba. Akwai reef-pi, manhaja ta kyauta da ke aiki a kan ƙaramar kwamfutar Raspberry Pi, akwai kuma Reef Angel da aka gina a kan Arduino, mutane da yawa sun riƙe tankunansu da su shekara da shekaru. Kunna fitila da safe a kashe ta da dare aikin yini ɗaya ne ga wanda ya karanta lantarki. Inda zan ja kunnenka shi ne ranar da na'urar za ta lalace, don ko ba daɗe ko ba jima wani abu a cikinta zai tsaya. Kowace waya za ka haɗa, ka tambayi kanka: in wannan ta tsinke ba na gida, a wane hali za ta bar tankin?

Murjani dabba ce, duk da kamarta da dutse ko tsiro. A cikin naman jikinta akwai ƙananan gansakuka da ido ba ya gani, su ke amfani da haske su samar mata da mafi yawan abincinta, su ne kuma ke ba ta launi. In ruwa ya yi zafi fiye da yadda ta saba, ko da digiri 1 ko 2 ne, ya kuma daɗe a haka, sai ta fitar da su ta koma fara fat, in abin ya ci gaba yunwa ta kashe ta. Shi ya sa masu wannan kiwo suke riƙe ruwa tsakanin digiri 24 da 26, gishiri kuma a giram 35 cikin kowane kilo na ruwa, wato wajen 1.026 a ma'aunin nauyin ruwa. Murjani na iya haƙuri da lambar da ta ɗan kauce in dai tana nan daram. Hawa da sauka ne ba ta jurewa.

Yawancin zanen da za ka gani a intanet mutanen Amurka da Turai ne suka yi, kuma babban tsoronsu hita: kada ta maƙale a kunne ta dafa tanki. Kai naka tsoron daban ne. A watan Maris zafin Abuja yana haura digiri 35 da rana, ga fitilu da famfuna suna ƙara wa ruwan ɗumi, ga wuta da ake ɗaukewa ba sallama. Saboda haka ka jera ayyukan na'urarka kamar haka: sanyaya ruwa, mayar da ruwan da ya ƙafe, da motsa ruwa lokacin da babu wuta. Fitila da pH, wato awon tsamin ruwa, su biyo baya.

Ga ƙwaƙwalwar na'urar, ni ESP32 zan zaɓa maka, ƙaramin allo ne irin Arduino. Raspberry Pi cikakkiyar kwamfuta ce mai aiki daga katin memori, kuma katin nan ba ya son a yanke masa wuta yana tsakiyar rubutu. A inda ake sauya layi daga NEPA zuwa janareta sau da yawa a yini, wata rana za ka tarar ta ƙi tashi. ESP32 kuwa da wuta ta dawo, cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu ta koma bakin aiki, ga Wi-Fi a jikinta, ga araha. Ka tuna da volt 3.3 take aiki, ba 5 irin na Arduino Uno ba. Ka haɗa mata agogon DS3231 mai ɗan batirinsa, don kada sanin lokaci ya dogara da intanet.

Na'urar auna zafi da kowa ke amfani da ita ita ce DS18B20. Waya ɗaya take aika bayani da ita, tana buƙatar rezista mai ohm 4,700 tsakanin wayar bayani da ta wuta, kuma kuskurenta bai wuce rabin digiri ba in ta asali ce. Jabu sun cika kasuwa, don haka ka gwada ta da wani ma'aunin zafi da ka yarda da shi. Tana da halaye biyu da suke kashe tanki in mai rubuta manhaja bai san su ba. Da ta samu wuta, kafin ta yi awon farko, lambar da ke cikinta 85 ce. In kuma wayarta ta cire, manhajar da aka fi karanta ta da ita a Arduino za ta ba ka -127. Na'urar da ta gaskata -127 za ta kunna hita ta bar ta, tana jiran ruwa ya ɗumama. Ka rubuta cewa duk lambar da ta gaza 15 ko ta haura 40 ƙarya ce: a kashe hita, a yi ƙara. Ka sa guda biyu a wurare daban, in suka saɓa da fiye da digiri 1 a sanar da kai. Sannan kan ƙarfen nan mai sheƙi da ake sayar da ita da shi yana tsatsa a ruwan gishiri, ƙarƙashinsa kuma wayar jan ƙarfe ce, jan ƙarfe kuwa guba ne ga murjani da jatan lande ko da ɗan kaɗan ne. Ka nemi mai rufin roba, ko ka lulluɓe ta da silikon irin na haɗa tankin kifi.

Sanyayawa hawa biyu ce. Na farko fanka mai hura saman ruwa, tana iya sauke digiri 1 zuwa 2, ta fi aiki a lokacin hunturu da bazara da iska take a bushe, da damina kuwa ƙarfinta yana raguwa. Na biyu injin sanyaya ruwa mai kwamfireso, ko ɗaki mai AC. A Abuja ban ga yadda fanka kaɗai za ta fitar da kai watan Maris ba, ka sa kuɗin injin a lissafinka tun yanzu. Kada ka ce a kunna a 26 a kashe a 26, rile, wato makunnin da na'urar ke sarrafawa, zai yi ta ƙas-ƙas har ya ƙone. Ka bar tazara: fanka ta tashi a 26.0 ta tsaya a 25.5, injin ya tashi a 26.5. Kuma duk lokacin da kwamfireso ya tsaya, ko wuta ta dawo, ya jira minti 3 zuwa 5 kafin ya sake tashi. In zafi ya kai 28, na'urar ta rage fitilu ko ta kashe su gaba ɗaya. Murjani ba ta mutuwa don duhun yini ɗaya.

Hita ƙarama za ta yi maka amfani a daren Disamba da Janairu. Ka sayi mai nata ma'aunin, ka saita shi a 26.5, na'urarka kuma ta riƙa yanke mata wuta a 25. In rile ya maƙale, ita da kanta za ta tsaya.

Maganar rile ke nan, kuma a nan ne tambayar da na ce ka riƙa yi take da amsa a zahiri. Kowane rile yana da ƙafar da aka rubuta wa NO, wadda ba ta ba da wuta sai an umarce ta, da wadda aka rubuta wa NC, mai ba da wuta har sai an hana ta. Babban famfon da ke juya ruwa ka ɗora shi a NC, ta yadda ko ESP32 ta mutu murus yana ci gaba da aiki. Hita da famfon ƙarin ruwa kuwa a NO, su mutu tare da ita. Yawancin allunan rile masu araha suna kamawa ne idan aka ba su volt sifili, kuma ƙafafun ESP32 ba su da tsayayyen hali a lokacin da take tashi, shi ya sa za ka ji rile ya yi ƙas da an kawo wuta. Ka ɗaure kowace ƙafa da rezista zuwa ɓangaren kashewa. Kwamfireso kuma kada ka ɗora shi kai tsaye a kan ɗan shuɗin rilen nan ko da an rubuta masa amfiya 10, wutar da yake ja lokacin tashi tana narkar da bakin rilen ya manne. Ka sa kontakta, wato babban rile mai ɗaukar wuta mai nauyi, a tsakani.

Fanka tana sanyaya ruwa ne ta hanyar mayar da shi tururi, gishiri kuwa ba ya tashi da tururi. A tankinka, in lita 4 suka tafi, gishiri ya tashi daga 35 zuwa kusan 35.7, washegari ya ƙaru. Don haka ake buƙatar na'ura mai mayar da ruwa marar gishiri, wanda aka tace da injin RO mai cire gishiri da datti daga ruwa. Ruwan famfo ko na burtsatse zai cika maka tanki da gansakuka. Tsarin irin fulot ɗin tankin ruwa na saman gida ne: ruwa ya sauka, famfo ya tashi. Sai dai wannan ɓangaren ya fi kowane kashe tanki a na'urorin haɗin gida, don ƙaramar katantanwa ɗaya tana iya hawa kan fulot ta danne shi, famfo ya yi ta zuba. Lita 20 na ruwan daɗi a cikin lita 200 zai sauke gishiri zuwa wajen 32 cikin 'yan mintuna, sauran kuma ya malale a ɗaki kusa da soket. Kariya uku nake so ka yi. Fulot na biyu sama da na farko, a haɗa shi ta yadda zai yanke wutar famfon kai tsaye ba tare da ya bi ta manhaja ba. Famfon ya zama na volt 12, kuma fulot ɗin ya ja rile ne, don ɗan makunnin da ke cikinsa ba ya ɗaukar wuta mai yawa. Sai iyakar lokaci: in famfo ya yi minti 1 ruwa bai kai ba, ya tsaya ya kulle har sai ka zo ka duba. Na uku ba ya buƙatar lantarki ko kaɗan: jarkar ruwan kada ta wuce lita 10, ko duka ta juye gishiri ba zai gaza 33 ba. Bakin tiyon kuma ya tsaya sama da ruwan jarka da na tanki, kada ya ci gaba da zuƙo ruwa bayan famfo ya tsaya.

In an ɗauke wuta, abin da ke fara kashe dabbobin rashin iska ne. Ruwan da ya tsaya cak, ga ɗumi, ga kifi da ƙwayoyin halitta suna numfashi, iskar oksijin ɗinsa tana iya ƙarewa cikin 'yan awoyi. Ka sayi famfon kaɗa ruwa mai aiki da DC, wato irin wutar batir, ka nuna shi wajen saman ruwa, ka ɗora shi da ESP32 ɗin a kan batir. Famfo mai wat 10 a kan batirin UPS mai volt 12 da 7Ah zai ba ka wajen awa 4 in ba ka so ka tsotse batirin ƙarƙaf. In kana da inbata da sola a gida, to ka huta, sai dai na'urar ta san lokacin da aka koma batir don ta sauke kayan nauyi.

A manhaja, ka kunna mai gadin cikin ESP32 da ke sake tayar da ita in ta daskare. Kada aikin tanki ya jira Wi-Fi. Sau da yawa za ka ga an rubuta layin da ke cewa a tsaya har sai intanet ta haɗu, ranar da data ta ƙare fanka ba za ta tashi ba. Ƙidayar lokaci ta millis tana komawa sifili bayan kwana 49 da awa 17, ka yi lissafinka da ragi, wato ka cire lokacin farawa daga na yanzu, don kada ta rikice. Saƙon gargaɗi ta Telegram yana da sauƙin haɗawa, amma na'urar da ta mutu ba ta aika saƙo, don haka ka sa ta riƙa turo zafin ruwa safe da yamma, ranar da ka ji shiru ka san akwai magana.

Ruwan gishiri yana ɗaukar wuta fiye da ruwan daɗi nesa ba kusa ba, kuma hannunka kullum yana ciki. Duk kayan tanki su bi ta bireka mai yanke wuta in ta zurare, mai miliamfiya 30, a kuma tabbatar wayar ƙasa ta gidan tana aiki da gaske. Akwatin na'urar ya zauna sama da tanki ko a gefe, ba a ƙarƙashi ba, ɓangaren volt 230 a ware shi da na ƙaramar wuta, da fiyus. Kowace waya ta lanƙwaso ƙasa kafin ta hau soket don ɗigo ya faɗi a ƙasa. Feshin gishiri yana bin waya a hankali yana cin duk abin da ya tarar.

Awon pH ka bar shi sai tanki ya zauna. Sandar awon tana da laulayi, tana son allo mai raba ta da hayaniyar famfuna kamar EZO na Atlas Scientific da abin keɓewarsa, tana son a riƙa daidaita ta da ruwan gwaji na 7 da na 10, kuma bayan shekara ɗaya ko biyu sai an sauya. Ka karanta ta don sani, in tana tsakanin 7.8 da 8.4 lafiya lau, amma kada ka ba ta ikon zuba magani. Kalsiyam da alkali (sinadarin da ke rage tsamin ruwa) kuwa kayan gwaji na hannu sun ishe ka a farko, musamman in ka fara da murjani mai laushi, wanda shi nake ba ka shawara.

Kafin na'urar ta taɓa tanki mai rai, ka haɗa ta a kan babban bokiti na ruwan gishiri na sati biyu, ka riƙa yi mata mugunta da gangan. Zare sensa, wato na'urar auna zafi, tana cikin aiki. Danne fulot da yatsa ka ga ko famfo zai tsaya a minti 1. Kashe rautar Wi-Fi. Yanke wuta ka mayar sau da yawa a jere, kana sauraron ko wani rile zai kama ba da izini ba. Tsoma sensa ɗaya a ruwan ɗumi ka bar ɗaya a bokiti. Duk gwajin da ya bar hita ko famfon ƙarin ruwa a kunne, ka koma ka gyara, ka sake gwajin daga farko.