Amsa ga Yaya a Kano: mu 'yan Agege da yawonmu na kusa da gida

Yaya, bayan gaisuwa da fatan iyali suna lafiya. Saƙonka ya iso tun ranar da ka turo, na ƙi amsawa a tsaitsaye ne don maganar ta zama ce. Ka ga hoton yara a kan dutsen Abeokuta, ka ga na autarmu tana cin amala hannu baka hannu ƙwarya, sai ka ce shekara uku ke nan ban kawo su gida ba amma ina da kuɗin yawo da su garuruwan Yarbawa. Ka kuma ɗora da tambayar da nake sha tun ina ɗan makarantar allo, wai mu ɗin nan har yanzu Hausawa ne ko mun narke a Kurmi. Kai babba ne, kana da ikon tambaya. Amma ba zan ɓoye maka ba, ta yi mini ciwo.

Bari in fara da kuɗin, tunda shi ne mai sauƙin bayani. Daga Agege zuwa Kano kusan kilomita 1000 ne, mu kuwa mu shida ne a gidan. Tun da aka cire tallafin mai a 2023 kuɗin motar dare ya zama abin da ka sani. Sannan ba a shiga gida hannu rabbana: akwai tsarabar Inna, akwai ta goggonni, akwai yaran gida kowa da ɗan abinsa, ga shago a rufe mako biyu. Abeokuta kuwa, tun 2021 da aka buɗe sabon jirgin ƙasa na Legas zuwa Ibadan, tashar na nan a Agege, da ƙafa ma muna iya isa. Wajen awa guda mun sauka. Abin da mutum biyu za su biya zuwa Kano ya kai mu duka, ya ciyar da mu, ya dawo da mu kafin isha'i. Uwargida takan soya dambun nama tun dare, a cika fulas da shayi, a naɗe tabarma da buta a jaka. Ba otal, ba hayar mota. Idan tafiyar ta kwana ce, duk garin da muka nufa akwai Sabo ko Zango, kuma ba a rasa wanda ya san Baba.

To wannan Zangon shi nake so ka tsaya a kansa. Kakanmu, wanda ni da kai muka haɗa, Ba'agale ne, fataucin goro ya gada. Bayan dogo ya haɗa Ikko da Kano a 1912, ya biyo shi ya sauka Agege saboda a lokacin gonakin goro sun kewaye garin. Baba ya sha ba mu labarin yadda tsohon yake shiga ƙauyukan Ifo da Ota da Shagamu, ya kwana a gidan manomi, ya ci abin da aka ɗora masa a gaba, ya sayi goro, a ɗaure huhu a kai tasha. Da ribar wannan huhun aka gina soron da kake zama a ƙofarsa yau da yamma. Ban taɓa jin wani ya ce ya daina zama Bahaushe don ya ci tuwon garin doya a gidan Bayarabe ba. Unguwar Sabo ta Ibadan tun 1916 take. Obalende kuwa tsofaffin sojojin Hausa na zamanin Turawa ne suka fara zamanta. Je ka Idi-Araba, je ka Mile 12 da asuba lokacin da motocin tumatir da albasa ke sauke kaya, ka rufe ido ka saurara, za ka rantse a 'Yan Kaba kake.

Ranar da muka je Olumo, dutsen nan na Abeokuta, mai yi mana jagora ya nuna wa yara kogon da Egbawa, Yarbawan garin, suka ɓuya lokacin yaƙe-yaƙe, wajen 1830, da ramukan da mata suka riƙa daka a cikinsu a jikin dutsen. Sunan garin ma ma'anarsa ƙarƙashin dutse. Akwai wurin bautarsu na gargajiya a gefe, muka wuce abinmu, ba wanda ya tsare mu, mu ma ba mu tanka wa kowa ba. Da muka kai ƙoli babban ɗana ya ce, "Baba, ashe su ma suna da Dalarsu." Daga nan muka gangara kasuwar Itoku inda ake sayar da adire. Na ɗauki wani shuɗi na kai hanci, wallahi warin baba ne sak, irin wanda ke tashi a karofin Ƙofar Mata. Matar da ke sayarwa hannunta ya rine har wuyan hannu, farcenta baƙi ƙirin. Na ce mata a garin kakana maza ne ke rini, a rami. Ta riƙe haɓa tana mamaki, ta kira maƙwabciyarta ta zo ta ji. Muka fi rabin awa ana hira da Yarbanci, a ƙarshe ta rage mini kuɗin turmi biyu ba tare da na roƙa ba.

Abincin kuma da kuke ƙyama daga nesa, rabinsa naku ne aka sauya wa suna. Ewedu lalo ne. Gbegiri miyar wake ce. Iru daddawa ce, sai dai tasu sau da yawa ba a kirɓa ta, da ƙwayarta ake zubawa. Akara ƙosai, moin-moin alale, ogi koko, ponmo ganda. Abin da ya bambanta shi ne hannun manja da na attaruhu, wannan kam sai wanda ya saba. A Abeokuta mun ci shinkafar Ofada a cikin ganye, mai ɗan tsami-tsamin ƙamshi, da miyar koren tattasai da aka soya a manjan da aka ƙona har ya washe. Yaran suna hawaye suna ƙari. Nan gida kuwa da safe ewa agoyin ne da burodin Agege, wake da aka dafa ya yi lugub da baƙin yaji a kai, wanda asalinsa matan da suka zo daga wajen Benin da Togo ne suka kawo shi. Amma ka zo da dare ka ga abin da ke kan murhu. Tuwon shinkafa ne ko na masara, da kuka ko kuɓewa busasshiya, da man shanu idan an samu mai zuwa daga gida.

Na san abin da ke ƙarƙashin tambayarka: yankan wa muke ci? Yaya, mayankar Oko-Oba a Agege take, shanun daga Arewa ake kawo su, kuma 'yan uwanmu ne cike da wurin. Sannan ku daina ɗauka duk Bayarabe ba ya salla. Masallacin Shitta-Bey da ke tsibirin Legas tun 1894 aka buɗe shi, kafin Turawa su ci Kano da shekara tara. Idan muka shiga buka na ga Alhaja da carbi a wuya tana kwasar miya, hankalina kwance yake. Inda zuciyata ba ta natsu ba sai in ce a sa mana kifi. A kasuwar kifi ta Epe, bakin ruwa, mata na zaune da manyan robobi, tarwaɗa da ransa yana bugun ruwa yana fantsama wa mutane, ka nuna wanda kake so a gyara maka nan take. A gefe akwai masu naman daji, wannan ko kallo ba ma yi.

Sai maganar aure, wadda kuka fi riƙe mu da ita. Matar ƙanena 'yar Ijebu-Ode ce, kun karɓe ta ba musu, don namiji ne ya auro. Amma da ƙanwarmu ta auri Bayarabe, Kawu ya ƙi zuwa ɗaurin aure, ya aiko cewa an ba da 'ya ga Kurmi. Baba bai ce komai ba a gaban mutane, amma na gan shi a ɗaki bayan an watse, ya daɗe zaune da takardar gayyatar da aka dawo da ita a hannunsa. Mutumin nan da Kawu ya ƙi, mahaddaci ne. Shi ya yi jinyar Baba wata huɗu, shi ke ɗaga shi ya kai shi bayi, kuma har Baba ya rasu bai taɓa gaishe shi a tsaye ba. Ba na cewa babu wuya. Akwai. Danginsu na da bukukuwa masu cin kuɗi, ankon yau daban na gobe daban, ga sakin jiki tsakanin suruka da suruki da har yau ƙanwarmu ba ta saba da shi ba, kunyarta ta gida tana nan. Su ma suna ganin mun cika kulle da nuƙu-nuƙu. A Zango ma har gobe akwai gidajen da ba za su ba Bayarabe 'ya ba ko zai zo da me. Amma yaranta suna zuwa Islamiyya ɗaya da nawa, kuma idan sun shigo gidan nan da Hausa suke gaida kakarsu.

Ta dalilin matar ƙanen nawa muka fara zuwa Ojude Oba a Ijebu-Ode. Kwana uku bayan Babbar Salla ake yi, sallar da su suke ce wa Ileya. Asalinsa Musulmin garin ne ke zuwa gaida sarkinsu, Awujale, bayan salla. Rukunin sa'anni maza da mata kowa da ankonsa, sannan gidajen Balogun, wato zuriyar sarakunan yaƙi, su shigo a kan dawakai da ado, ana harba bindigar toka, hayaƙi ya turnuƙe. Gaskiya a faɗe ta, ba su kai mu iya zaman sirdi ba, wanda ya ga Hawan Daushe ba zai ruɗe ba. Amma da na ga dokin farko ya ɗaga ƙafa a gaban sarki sai da tsigar jikina ta tashi, na ɗora autar a wuya ina ce mata, kalli, haka ake yi a garinmu, har ma ya fi. Kwananmu biyu a gidan surukai, ko sisi ba mu kashe a masauki ba, aka haɗo mu da garin Ijebu mai tsami rabin buhu.

Badagry ce kaɗai tafiyar da muka dawo ba a hira a mota. Hanyar ma da wahala, shinge kan shinge saboda kusa take da iyakar Seme, kuma a wani shingen wani mai kaki ya dubi hulata ya sauke mu, ya ce in nuna shaidar ni ɗan ƙasa ne. A Agege aka binne cibiyata, a gaban 'ya'yana yake tambayata wannan. Na nuna masa kati, muka wuce. A garin mun ga benen da mishan suka gina a 1845, mun shiga kurkukun bayi na Seriki Abass, ɗakuna ƙanana masu 'yar taga ɗaya can sama. Aka miƙo wa ɗana sarƙar wuya ya ɗaga, da hannu biyu ya kasa riƙe ta da kyau. Muka hau kwalekwale zuwa Gberefu, muka taka rairayi har bakin teku inda ake loda mutane. Na gaya musu cikin waɗanda aka bi da su ta gaɓar nan akwai Hausawa, an kai su Bahiya a ƙasar Brazil, har sun ƙulla tawaye a can a 1807. Ɗiyata ta biyu ta tambaye ni ko sun ci gaba da salla. Na ce mata da yawansu sun riƙe, har da rubutun allo. Ba ta sake magana ba sai da muka kusa gida.

Inda kuke da gaskiya shi ne harshe, kuma shi ne ke hana ni barci. Zuwanmu Kano na ƙarshe, babban ɗana ya shigo da gudu ya ce, "Inna ya dawo." Tsakar gida ta ɗauki dariya, aka yi ta maimaitawa har dare, ana ce masa ɗan Ikko. Yaron da ke da surutu kamar aku ya kulle bakinsa har muka bar garin. Shi ya sa ko na ce za mu gida ba ya murna. A nan cikin danfo, motar hayar Legas, sunanmu Aboki ko Mala, ko da kuwa Yarbancinmu ya fi na mai kiran, a can kuma 'yan Kurmi. Ina gyara musu Hausar kullum, na hana Yarbanci da Turanci a kan tabarmar cin abinci, uwarsu na yi musu tatsuniya idan an ɗauke wuta. Amma yaro harshe huɗu yake ji kafin azahar, dole wani ya shiga cikin wani. Ku ma da kuke dariya, ashana da agogo da gyale da kuke faɗa kullum, daga bakin Yarbawa aka ɗauko su.

Ba mu manta gida ba, Yaya. Duk wata abin da ya sawwaƙa yana isa wurin Inna, kai ne shaida. Idan Allah ya hore, Ƙaramar Salla mai zuwa muna nan tafe, ina so su ga hawan da idonsu, su hau Dala, in kai su Ƙofar Mata da turmin adiren nan su gwada da na gida. Alfarma ɗaya nake roƙo, ka ja kunnen yaran gida kada a yi wa nawa dariya idan sun yi tuntuɓen harshe, a gyara musu a hankali. Kafin nan kai ma ka daure ka zo ko na mako guda ne, ɗakin baƙi na nan. Zan kai ka kabarin Kaka, shekara nawa kana cewa za ka zo ziyara, washegari mu hau jirgin safe zuwa Abeokuta. In za ka taho a ɗauro mana kuka da daddawa, tamu ta kusa ƙarewa. A gaida Inna da kyau, a gaida su Goggo.