Fansho ko asusun zuba jari: wanne ya fi, kuma nawa suke yanka?

Tambaya: Ina sayar da atamfa da shadda a Kantin Kwari, shekaruna 41. Wakilai biyu sun same ni a shago. Na kamfanin fansho ya ce in buɗe asusun masu sana'ar kansu, na kamfanin zuba jari kuma ya ce ribar da suka bayar bara ta fi ta fansho nesa ba kusa ba. Ina da naira miliyan ɗaya da nake son in ajiye don tsufa. Wanne zan bi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka zaɓa, ka koma wurin wakilin nan na biyu ka tambaye shi: ribar da ya faɗa, kafin a cire ladan kamfani ne ko bayan an cire? Da yawansu a nan suke fara kame-kame.

Ka san dillali sau ɗaya yake karɓar la'adarsa, ciniki ya faɗa, kowa ya kama gabansa. Ladan waɗannan kamfanoni kuwa duk shekara ake yankarsa, kuma galibi daga jimillar kuɗinka, uwa da riba, ko an ci ko an faɗi. Shi ya sa kashi 2 cikin 100 da kake ji kamar ba komai ba yake zama babban abu. Ga lissafi na misali. Idan miliyan ɗayanka tana ƙaruwa da kashi 15 duk shekara, bayan shekara 20 za ta haura miliyan 16 da dubu 300. Idan lada ya cinye kashi 2, ya zama 13 ke shigo maka, abin da za ka tarar miliyan 11 da rabi ne. Kusan miliyan biyar sun tafi, kuma babu ranar da aka ce ka zaro ko sisi daga aljihu.

To amma a ɓangaren fansho ba lada ne abin damuwarka ba. Hukumar kula da fansho ta ƙasa, PenCom, wadda dokar fansho ta 2004 ta kafa, ita ke sanya iyakar abin da za a yanka, a raba tsakanin kamfanin da ke juya kuɗin, da wanda ke tsare su, da ita kanta hukumar. Don haka duk kamfanonin kusan abu ɗaya suke karɓa. Inda suka bambanta shi ne iya juya kuɗi. Kowanne yana raba asusunsa kaso-kaso, yana kuma wallafa farashin kaso ɗaya, wanda an riga an cire lada a ciki. Ka sa yaronka mai waya ya ɗauko farashin yau da na shekara biyar baya na kamfanoni uku, ku ga wanda ya fi tashi. Sai dai ku kula da aji. Tun 2018 aka kasa kuɗin fansho gida-gida: Asusu na 1 ya fi kutsawa cikin hannun jari, na 3 na waɗanda suka kai 50 ne, ana lallaɓa shi, na 5 kuma shi ne na irinku, wanda aka ƙaddamar a 2019. Wakilin da ya nuna maka ribar Asusu na 1 alhali na 5 zai saka ka, ya yi maka rufa ido. Idan kuma ka shiga ba ka ji daɗi ba, tun Nuwamban 2020 an ba mai asusu damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara.

Asusun zuba jari, wanda SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ke sa wa ido, shi ne wurin da za ka zauna ka karanta takarda da kyau, don kowa da nasa farashin. Akwai ladan manaja, da na amintattu masu kare haƙƙin masu zuba kuɗi, da na mai tsaron kadara, wasu har da kamasho idan riba ta wuce wani mizani. Akwai kuma tarar fita da wuri, wadda 'yan kasuwa suka fi faɗawa ciki, domin da an ji kwantena ta iso sai a ruga a ciro kuɗi. Ka ce a haɗa maka duka a lamba ɗaya, a rubuce. Ka kuma duba sunan asusun a jerin masu rajista na SEC. Waɗanda suka zuba a MMM a 2016 da CBEX a 2025, tsare-tsaren damfara da suka rushe da kuɗin jama'a, su ma riba mai tsoka aka nuna musu.

Ribar bara ita kaɗai ba ta isa hujja ba. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. Wanda asusunsa ya ba shi kashi 20 a shekarar, lamba ta ƙaru a waya, amma abin da kuɗin ke iya saya ya ragu. Wannan ya shafi ɓangarorin biyu, kuma ban cika jin wakili ya ɗauko zancen da kansa ba.

Batun kuɗin ruwa kuma, na san zai zo maka a rai. Yawancin asusun da ke biya da sauri a takardun bashin gwamnati masu kuɗin ruwa suke zuba kuɗi. Idan kana gudun haka, akwai Asusu na 6 na fansho da aka fito da shi a 2021, da asusun halal irin na Lotus Capital, masu zubawa a sukuk, wato takardun jari marasa kuɗin ruwa, da hannun jarin da aka tace bisa shari'a. Ka gwada su da 'yan uwansu na halal kawai, ka kuma tambayi wakilin fanshon ko tsarinku yana shiga can.

Ni dai a ganina, tun da don tsufa ka ce, ka buɗe fanshon ka riƙa zuba abin da ba zai taɓa jarin shago ba duk wata, domin kason da ake ware wa ritaya daga abin da ka zuba galibi ba ya fita sai ka kai 50, kuma wannan ƙulli alheri ne ga mai hannu a kasuwa. Miliyan ɗayar kuwa kada ka kulle ta duka. Rabi ya isa, sauran ka sa a asusun da za ka iya cirewa cikin 'yan kwanaki ba tara, saboda sarin kayan sallah.