Likita na amsa tambayoyinku: ciwon ramewar barewa da naman farauta

Da zarar kaka ta shiga a Amurka da Kanada, musamman watan Nuwamba, sai maharba su cika daji, naman barewa kuma ya fara shiga gidajen 'yan'uwanmu da ke zaune can. A wannan makon mun tattara tambayoyin da suka shafi ciwon da ake kira CWD a takaice, wanda za mu kira ciwon ramewar barewa.

Likita, a Wiskonsin nake aiki. Wani abokina maharbi ya kawo mini cinyar barewa, maiɗakina ta ce ta ji ana maganar wani ciwo a jikinsu. Mu ci, ko mu zubar?

Malam, kada ku ci tukuna, kada kuma ku zubar. Saka naman a firiza cikin leda ta daban, ka tambayi abokinka abu biyu: a wace gunduma ya harbe ta, kuma ya kai kanta gwaji? Maiɗakinka ta yi gaskiya, domin tun 2002 aka gano ciwon a Wiskonsin, kuma a kudu maso yammacin jihar akwai wuraren da kusan rabin manyan mazan barewa ke ɗauke da shi.

Ciwon ba ƙwayar bakteriya ce ke kawo shi ba, ba kuma bairos ba. Wani furotin ne da dama akwai shi a jikin dabba, sai ya lanƙwashe ba bisa tsari ba, ya riƙa sa lafiyayyun 'yan'uwansa su ma su lanƙwashe. Ana kiransa firiyon, sunan da Stanley Prusiner ya raɗa masa a 1982. Idan ya taru a ƙwaƙwalwa sai ta yi huji-huji kamar soso. An fara lura da ciwon a 1967 a wata cibiyar bincike a Kolorado, yanzu ya shiga jihohin Amurka fiye da 30 da wasu lardunan Kanada. Ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi, kuma duk dabbar da ya kama sai ya kashe ta.

An ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima, to a nan ido ba ya gane komai. Barewa takan yi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu da ciwon tana kiwo, tana gudu, jikinta sumul. Sai a watannin ƙarshe za a ga ta rame har haƙarƙari ya fito, kunnuwa sun langaɓe, kai a sunkuye, yawu na dalala, tana tangaɗi, tana yawan shan ruwa da fitsari, ta daina gudun mutane. Yawancin barewar da gwaji ke kamawa, maharbin zai rantse lafiyarta ƙalau lokacin da ya harbe ta. Don haka amsar "ai mai ƙiba ce" ba amsa ba ce. Idan an gwada ba a ga komai ba, ku ci. Idan ba a gwada ba alhali daga yankin ciwon ta fito, ni dai ba zan ba ku shawarar ci ba.

Likita, ni na iya girki. Idan na dafa naman a tukunyar matsi har ya yi laushi, ko na yi kilishi ko dambun nama da shi, ai ciwon ya mutu ko?

Hajiya, wannan ita ce tambayar da ta fi damuna, domin a yawancin cututtukan nama kin yi daidai, amma a wannan dabarar ba ta ci. Wuta tana kashe abu mai rai. Firiyon ba shi da rai, balle a kashe shi. Ruwa yana tafasa a digiri 100, tukunyar matsi ta gida tana kaiwa kamar 120. A asibiti, kayan tiyatar da suka taɓa irin wannan ciwon ana turara su a digiri 134 na tsawon minti 18, sau da yawa bayan an jiƙa su a sinadari mai ƙarfi, gawar dabba kuwa ana ƙona ta a zafin da ya kusa digiri 1,000. Babu murhun gida da ke zuwa nan. Shanya, gishiri, yaji, hayaƙi, firiza, duk ba sa taɓa shi. Zubar da jini wajen yanka ma ba ya fitar da shi daga jikin dabba.

Sai kuma al'adarmu ta cin abinci, wadda ya kamata a faɗa a fili. Mu masu son farfesun kai ne, da ƙwaƙwalwa, da kayan ciki, da tsotsar ɓargo, kuma a nan ne firiyon ya fi taruwa: ƙwaƙwalwa, lakar ƙashin baya, idanu, saifa da kaluluwa. Ko gwaji ya fito lafiya, a barewar waɗannan ƙasashe a bar waɗannan sassa, a ci tsoka zalla.

Likita, bana na yanki lasisin farauta a Minisota. Yaya zan feɗe dabba ba tare da na jawo wa iyalina matsala ba?

Tun kafin ka ɗauki bindiga, duba dokar hukumar namun daji ta yankin da za ka. A wasu yankunan gwaji dole ne, kuma an hana fita da gawa sukutum zuwa wata gunduma ko jiha. Dabbar da ka gani a rame ko tana tangaɗi, kada ka harbe ta don ci, ka kira hukuma ka faɗa musu inda take. Wadda ka tsinta a mace kuwa ko taɓawa kada ka yi.

Wajen fiɗa, saka safar hannu ta roba, ka ware wuƙa da katakon yanka na wannan aiki kaɗai, ba na kicin ba. Zare tsoka daga jikin ƙashi maimakon sassara gawar da gatari yadda mahauta suka saba. Kuskuren da aka fi yi shi ne raba gawa biyu ta tsakiyar ƙashin baya da zarto: haƙoran zarto suna tsinka laka su shafe ta a kan naman gaba ɗaya. Ka gama cire nama ka ajiye shi gefe, sannan ka cire kai da wata wuƙar daban. Ka yanke kitse da jijiyoyi sosai, domin kaluluwa a cikin kitse take ɓuya, musamman a wuya, gaban kafaɗa da cikin cinya. Za ka gan ta kamar ƙwayar wake ko gurjiya, launinta toka-toka.

Kan barewar za ka kai wurin gwaji da ɗan wuya a jikinsa, kamar faɗin tafin hannu, saboda abin da suke cirewa kaluluwa ce guda biyu da ke bayan maƙogwaro, wani lokaci da gindin ƙwaƙwalwa. Idan ka datse kan dab da muƙamuƙi, to ka baro kaluluwar a daji ke nan. Sakamako kan ɗauki mako ɗaya zuwa biyu. Kafin nan rubuta lambar dabbar a kan kowace leda, kada ka haɗa naman barewa biyu wuri ɗaya. Idan wurin mahauci za ka kai, ka ce a yi maka taka ita kaɗai, domin wasu suna haɗa naman mutane da yawa a injin niƙa.

Wankin kayan aiki yana da tsari. Fara da sabulu da ruwa har ba sauran nama ko kitse, domin bilic, wato ruwan sinadarin da ake wanke fararen kaya da shi, ba ya ratsa tsoka. Sannan ka haɗa bilic na gida kashi biyu da ruwa kashi uku, ka jiƙa wuƙaƙen ƙarfe aƙalla minti 5, ka ɗauraye. Katako yana tsotsewa, ba ya wankuwa, gara na roba. Ƙashi, kai da kayan ciki a zuba su a kwandon da hukuma ta tanada ko juji mai izini. Firiyon yana fita ta yawu, fitsari da kashi, yana manne wa ƙasa, musamman yumɓu, ya yi shekaru yana jiran wata barewar. Dalilin da ya sa ake hana zuba wa barewa hatsi ko gishirin lasa ke nan: baki da yawa a wuri ɗaya.

Wai akwai mutumin da ya taɓa kamuwa?

Har yau ba a tabbatar da ko mutum ɗaya ba. A 2005, a gundumar Oneida ta jihar Niyok, mutane fiye da 200 sun ci naman barewa a wani taron liyafa, daga baya gwaji ya nuna tana da ciwon. An bibiyi wasunsu shekaru ba a ga alama ba. Wannan abin kwantar da hankali ne, amma ba ya rufe magana. A ɗakin bincike ciwon ya kama wani nau'in biri, kuma cututtukan firiyon a jikin mutum kan yi shekaru masu yawa kafin su bayyana. Birtaniya ta ga haka: an gano ciwon haukan shanu a 1986, aka yi ta cewa ba ya kama mutum, sai a 1996 aka sanar da akasin haka, ya kuma kashe mutane fiye da 170 a can, yawancinsu matasa. Shi ya sa Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada naman dabbar da ke da kowane ciwon firiyon ya shiga abincin mutane. Wanda ya riga ya ci cikin rashin sani, kada ya tayar da hankalinsa. Ya zubar da sauran, ya sanar da likitansa.

Likita, ni mafarauci ne a Bauchi. Barewa da gada da gwankin dajinmu fa?

Ba a taɓa samun wannan ciwo a namun dajin Afirka ba. Suna ne ya haɗa su: barewar Amurka tana da ƙaho mai rassa da ke faɗuwa duk shekara, tamu kuwa dangin akuya da saniya ce. Bayan Arewacin Amurka, inda aka ga ciwon shi ne Koriya ta Kudu, ta hanyar dabbobin da aka sayo daga Kanada, sai Norwe a 2016, inda aka hallaka garke guda mai dabbobi fiye da 2,000 don a tare shi, sannan Finlan da Suwidin.

Abin da ya fi kusa da mu shi ne raƙumi. A 2018 masu bincike sun bayyana wani ciwon firiyon na daban a raƙuman da aka kawo mahautar Wargala a Aljeriya, masu rama, rawar jiki da tangaɗi. Raƙuma suna ketare Sahara, don haka mahauta da makiyaya a Nijar, Chadi da arewacin Najeriya su daina gaggawar yanka raƙumi mai irin waɗannan alamu don kada a yi asara, su kira likitan dabbobi ya duba.

Kai kuma, Malam, haɗarinka na yau da gobe wasu ne: haukan kare ga karnukan farautarka, zazzaɓin Lassa daga ɓeraye, da antiraks, wanda makiyaya ke kira ciwon saifa, wanda aka tabbatar a Suleja a 2023. Dabbar da ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jini mara daskarewa na fita ta hanci, baki ko dubura, kada ka feɗe ta, kada ka bar karnuka su ci. Buɗe gawar ne ke sa ƙwayar ta yi ɓawo ta zauna a ƙasa shekaru da dama. A sanar da ma'aikatan dabbobi su ƙone ta ko su binne ta a rami mai zurfin mita biyu.