Kuɗin nazare na cinye min albashi a Ingila, wane tallafi zan iya nema da bizar aiki?

Tambaya:

Assalamu alaikum Anti, dan Allah a ɓoye sunana. Muna zaune a Mancesta, maigidana nas ne da bizar aiki ya zo, ni kuma a ƙarƙashinsa nake, ina aiki a gidan kula da tsofaffi kwana uku a sati. Yaranmu biyu, babban zai cika shekara 3 a watan Oktoba, ƙaramar kuma yanzu ta cika 2. Abin da yake shigo mana mu biyu bayan an cire haraji kamar fam 3,100 ne a wata, kuma wlh kusan duk abin da nake samu nazare yake tafiya. Wata a wurin aiki ta ce min yanzu gwamnati na ba da awa 30 na renon yara kyauta tun yaro yana wata 9, wata kuma ta ce kar in kuskura in nema za a ɓata mana biza. Ga shi ina so in koma karatu. Sannan ƙanwar maigidan tana da takardar zaman dindindin, za ta fara digirin nas a jami'a kuma tana da ɗa ɗan shekara 1, ita ma ta ce in tambayar mata.

Amsa:

Wa alaikumus salam 'yar uwa, sannu da fama, Allah ya raya yara. Duka matan nan biyu da suka ba ki labari kowacce ta faɗi gaskiya, sai dai kowacce rabi ta faɗa.

Kafin komai ki buɗe asusunki na biza a intanet ki duba sharuɗɗan da aka rubuta miki. Masu bizar aiki da iyalansu kusan dukkansu za ki ga an sa musu sharaɗin nan na cewa ba su da damar cin kuɗin tallafin gwamnati, wanda ake taƙaitawa NRPF. Wannan layin ɗaya shi ne yake raba abin da za ki samu da abin da ƙanwar mijinki za ta samu duk da gida ɗaya kuka fito, sabida haka duk wadda ta zo miki da labarin wai ita an ba ta kaza, ki fara tambayarta wace takarda take riƙe da ita tukunna.

Awa 30 ɗin gaskiya ne akwai. Daga Satumbar 2025 iyaye masu aiki a Ingila suna samun awa 30 a sati, na sati 38 a shekara, tun daga zangon da ya biyo bayan yaro ya cika wata 9 har ya shiga makaranta. Amma wanda zai cike takardar neman dole ya zama ɗan ƙasa, ko mai zaman dindindin, ko wanda bizarsa ta ba shi damar cin tallafi. Ke da maigida a yanzu ba ku cikin wannan, ko da kuwa kuna biyan haraji kamar kowa, kuma ko da yaron a nan aka haife shi bai canza komai ba, don takardar iyaye ake dubawa ba ta yaro ba. Ni a ganina wannan ba adalci ba ne, mutum yana kwana a asibiti yana jinyar mutane amma a ce ɗansa bai cancanta ba, toh amma haka dokar take. Haka ma Tax-Free Childcare, wato tsarin da gwamnati take ƙara wa iyaye kuɗi a kan abin da suka zuba don biyan reno, sharaɗi ɗaya ne da awa 30. Su kuma Universal Credit (tallafin masu ƙaramin ƙarfi) da Child Benefit (tallafin masu yara) waɗannan su ne ainihin kuɗin da aka hana ku, kar ki taɓa su ko da wani ya ce zai cike miki fom ya wuce, don ranar sabunta biza ko neman zaman dindindin abin zai iya dawo muku.

Yanzu ga naki, wanda ba wanda zai hana ki. Duk yaro ɗan shekara 3 da 4 a Ingila yana da awa 15 a sati kyauta, sati 38, jimla awa 570 a shekara, ba ruwan kowa da bizar iyayensa ko albashinsu, kuma ba ya cikin abin da ake kira kuɗin tallafi a dokar shige da fice. Mata da yawa namu suna barin wannan don tsoro, suna biyan kuɗin da bai kamata su biya ba. Abin lura shi ne ba ranar da ya cika shekara 3 ake farawa ba, sai zangon da ya biyo baya, wato 1 ga Janairu ko 1 ga Afrilu ko 1 ga Satumba. Naki ɗan Oktoba ne, kenan 1 ga Janairu zai fara. Ba sai kin nemi wata lamba a wurin gwamnati ba, nazaren ne za su ba ki fom ki sa hannu ki kai musu takardar haihuwarsa, su kuma su karɓi kuɗin daga kansil, wato ƙaramar hukumarku. Ki yi musu maganar tun yanzu, kar ki bari sai Disamba. Kuma tunda ɗan Oktoba ne sai Satumbar da ta biyo bayan ya cika 4 zai shiga firamare, kinga zai daɗe yana cin awa 15 ɗin nan, zango biyar cur.

Tunda aikinki ba ya bin hutun makaranta, ki tambaye su ko suna yarda a shimfiɗa awannin a kan shekara duka, in aka raba 570 a kan sati 51 zai zo wajen awa 11 a sati, ya fi miki a kan ki ji daɗi wata uku sannan hutun bazara ya zo bil ya ninka. Sannan kalmar kyauta ɗin nan ki riƙe ta da hankali, za su iya cajin abinci da famfas da kuɗin fita yawo, amma ba su da ikon su ce sai kin biya waɗannan dole kafin a ba ki awannin, kina iya cewa za ki riƙa haɗo masa abincinsa daga gida. Ki ce su ba ki bil a rarrabe, awannin gwamnati daban, ƙarin awanni daban, abinci daban, in suka cakuɗa miki komai wuri ɗaya ki kira sashen kula da iyali na kansil ɗinku.

Ƙaramar kuma akwai wata ƙofa da ba kowa ya sani ba. Ana ba 'yan shekara 2 awa 15 in iyalin masu ƙaramin ƙarfi ne, kuma tun 2022 aka buɗe wa masu NRPF ita. Sharaɗin shi ne abin da yake shigowa gidan bayan haraji a shekara kar ya wuce fam 26,500 in yaro ɗaya ne a wajen Landan, ko 30,600 in yara biyu ne ko fiye, a cikin Landan kuma 34,500 da 38,600, sannan ajiyar da kuke da ita kar ta haura fam 16,000. In muka yi lissafin naku, 3,100 sau 12 ya kama 37,200, kun wuce layin. Amma ki zauna da maigida ku ɗauki biro. A misali in nasa shi kaɗai 2,100 ne a wata, wato 25,200 a shekara, toh in kika rage aiki saboda karatun da kike so har jimlar ta sauko ƙasa da 30,600, ƙaramar za ta iya shiga, kuma a kansil ake nema ba a nazare ba. Ba cewa nake ki ajiye aiki don awa 15 ba fa, sau da yawa albashin da za a rasa ya fi abin da za a samu, kawai dai ki san akwai in lissafin ya juya. In ma bai juya ba shekara ɗaya ce ta rage mata ta shiga layin 'yan shekara 3.

Maganar karatunki, bizarki ba ta hana ki yin karatu ba amma tallafin renon yara na ɗalibai yana tafiya ne tare da bashin karatu na gwamnati, shi kuma sai mai zaman dindindin ko makamancinsa. Abin da ya rage miki shi ne ofishin taimakon ɗalibai na makarantar da za ki shiga, wasu jami'o'in suna da asusun agaji nasu na kansu kuma wasu suna da nazare a cikin makaranta, ki tambaya kafin ki biya kuɗin rajista ba bayan kin biya ba. Shi ma maigida ya tambaya a asibitinsu ko suna da nazare na ma'aikata wanda ake cire kuɗin daga albashi kafin haraji, wannan tsarin wurin aiki ne ba tallafin gwamnati ba.

Nasan abin da yawancinmu muke yi shi ne a kai wa wata 'yar uwa a unguwa a riƙa ba ta wani abu a hannu. Ki sani a dokar nan duk wadda ba dangin yaron na kusa ba ce kuma take riƙe yaro ƙasa da shekara 8 a gidanta sama da awa 2 a rana kuma ana biyanta, dole ta yi rajista da Ofsted, hukumar da ke sa ido kan makarantu da wuraren reno, ko wata hukumar masu reno, in ba haka ba ita ce a cikin matsala, kuma ba wani tallafi da zai bi kuɗin da kika ba ta. Amma in karɓa-karɓa kuke yi, yau ki riƙe nata gobe ta riƙe naki ba kuɗi a tsakani, wannan ba laifi. Masu reno a gida masu rajista kuma yawanci sun fi nazare sauƙi, suna karɓar awa 15 ɗin, kuma sun fi fahimtar mai shif ɗin asuba.

Toh sai ƙanwar maigida. Ita in ta cika sharuɗɗan bashin karatu, wanda a ciki har da zaman shekara 3 a ƙasar kafin fara kwas, ta nemi Childcare Grant, wato tallafin renon yara na ɗalibai, a wurin Student Finance England, hukumar da ke ba ɗalibai bashin karatu. Suna biyan har kashi 85 cikin 100 na kuɗin reno, a shekarar karatu ta 2025 zuwa 2026 iyakarsa fam 199.62 a sati na yaro ɗaya, 342.24 na biyu ko fiye, ba bashi ba ne ba a mayarwa, amma ana duba abin da yake shigowa gidan, kuma kai tsaye ake tura wa mai renon ba hannunta zai shigo ba. Na masu digirin farko ne da suke karatu cikakken lokaci, masu mastas ba su ciki. Akwai kuma Parents' Learning Allowance, tallafin ɗalibai masu yara, da yake kaiwa fam 2,000 da ɗan wani abu a shekara, sannan tunda nas za ta karanta akwai NHS Learning Support Fund, tallafin hukumar lafiya ta ƙasa ga ɗaliban aikin lafiya, fam 5,000 a shekara, da ƙarin 2,000 na masu yara. Duka ta nema, ɗaya ba ya hana ɗaya.

Inda ake faɗawa rami shi ne awa 30. Mutane suna ɗauka tunda tana da takarda shi kenan ɗanta ya samu, alhali ba a lissafa karatu a matsayin aiki. In tana da miji dole su biyun kowa ya zama yana samun aƙalla kwatankwacin awa 16 a sati a mafi ƙarancin albashi, a kan fam 12.21 na 2025 wajen fam 195 kenan a sati, kuma kar ɗayansu ya haura 100,000 a shekara. Mijin yana aiki ita tana karatu kawai, toh ba su cancanta ba, sai in tana haɗawa da aikin da ya kai wannan adadin, kuma mai karatun nas da zuwa asibiti koyon aiki ta san ba ƙaramin abu ba ne. In ta iya, sai ta nemi lambar awa 30 ɗin a asusun reno na gwamnati a intanet kafin 31 ga Agusta ko 31 ga Disamba ko 31 ga Maris, in ranar ta wuce sai wani zangon, kuma duk wata uku sai ta shiga ta sake tabbatar da bayananta, ta sa ƙararrawa a waya don da yawa a nan suke rasa gurbin.

Sannan kar ta haɗa Childcare Grant da Tax-Free Childcare, ɗaya ake zaɓa. Shi Tax-Free ɗin duk fam 8 da ka zuba gwamnati ta ƙara 2, iyaka 500 duk wata uku na kowane yaro, 2,000 a shekara kenan, ga ɗaliba mai ƙaramin shigowa kashi 85 ya fi shi nesa ba kusa ba. Haka ma ba a haɗa Tax-Free ɗin da Universal Credit, wanda yake kai ya ci gaba da karɓa ya buɗe Tax-Free zai iya jawo wa kansa asara.

Ke kuma ki riƙe wannan don gaba, ranar da ɗayanku ya samu zaman dindindin, ko da ɗayan bai samu ba tukunna, wanda ya samu ɗin shi zai cike neman awa 30 da Tax-Free da sunansa, muddin ku biyun kuna aiki kuma kowa yana da lambar inshorar ƙasa. Duk wannan da na faɗa na Ingila ne, in aiki ya mayar da ku Sukotland can duk ɗan shekara 3 da 4 awa 1,140 yake samu a shekara ko iyayen suna aiki ko ba sa yi. Adadin kuɗaɗen kuma suna canzawa duk Afrilu ko farkon shekarar karatu, ku duba shafin gwamnati ku ga na shekarar kafin ku cike fom.